Tukunyar toka da tukunyar shaida: kalmar «urne» da maƙabartar Bura

1. Gabatarwa

Duk wanda ya karanta rubuce-rubucen Faransanci a kan kufan Bura, da ke cikin jihar Tillaberi, zai yi ta cin karo da kalmar «urne». Da ita aka saba kiran tukwanen yumɓu 630 da aka tono a wurin. Ɗalibin da ya buɗe ƙamus zai tarar cewa, a fagen jana'iza, «urne» tukunya ce da ake zuba tokar gawar da aka ƙone a cikinta. Daga nan sai ya ɗauka mutanen Bura suna ƙona matattunsu, alhali kuwa binne su suke yi.

A cikin wannan takarda za mu bi tarihin tukunyar toka a inda ta samo asali, wato Turai, sa'an nan mu jera ta da tukwanen Bura. Abin da muke son nunawa shi ne cewa bambancin da ke tsakaninsu ya wuce gyaran fassara. Tukunyar toka ana iya ɗaukar ta a kai ta wani gari, mamacin yana cikinta. Tukunyar Bura kuwa rabin kabari ce, rabin da ke sama. In an ɗauke ta an bar mamacin a ƙasa, an kuma raba shi da abin da ke shaida ko shi wane ne. Wannan bambanci yana da nasaba da abin da ya sami kufan Bura tun daga shekarun 1990.

2. Tukunyar toka a tsohuwar Turai

Tsakanin wajen shekara ta 1300 da ta 750 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙona gawa ya bazu a Turai ta tsakiya, har masana ilimin kufai suka laƙaba wa zamanin gaba ɗaya sunan «al'adar filayen tukwane». Ana ƙona gawa a kan tarin itace, a tsince guntayen ƙashi da toka a zuba a tukunya, a binne ta a jere da ɗaruruwan irinta.

Wuta tana barin masu rai da wata matsala. Tana shafe kamannin mutum, ta mai da sarki da bawa, tsoho da yaro, toka iri guda. Saboda haka tun da wuri aka shiga neman hanyar mayar wa mamaci da kamanninsa a jikin tukunyar. A ƙasar Italiya ta tsakiya, a ƙarni na 9 da na 8 kafin haihuwar Annabi Isa, akwai masu gina tukunyar da siffar bukka, da ƙofa da jinka, akwai kuma masu rufe ta da kwalkwalin yaƙi in mamacin jarumi ne. A garin Kiyusi na Etruskawa, a ƙarni na 7 da na 6, sai murfin ya zama kan mutum sosai, da ido da hanci da gashi, wani lokaci a maƙala wa tukunyar hannuwa, a ɗora ta a kan kujera.

Rumawa sun bi wata hanya, ta rubutu. A zamanin sarki Ogusta an gina manyan ɗakuna masu ɗaruruwan ramuka a jikin bango, kowane rami da tukunyarsa. Sun kira irin wannan ɗaki «columbarium», wato ɗakin tantabaru, saboda kamannin ramukan. Wanda aka gano a shekara ta 1726 a bakin hanyar Apiya na bayi ne da ƴantattun bayin Libiya, matar Ogusta, kuma allunan da ke jikin ramukan suna ɗauke da sunan mamaci, sau da yawa har da aikin da yake yi a gidan.

Daga ƙarni na 2 miladiyya Rumawa suka fara komawa ga binnewa, addinin Kirista kuma ya ƙarfafa hakan. A wajen shekara ta 785 sarki Sharlaman ya kafa wa Saksawa dokar kisa a kan duk wanda ya ƙone gawa bisa al'adar kakanni. Tukunyar toka ta ɓace daga Turai ta yamma har kusan shekara dubu.

3. Dawowar ƙona gawa, daga 1873 zuwa 2016

Likitoci ne suka dawo da ita. Biranen ƙarni na 19 sun cika, maƙabartu sun cushe, ana kuma jin tsoron gawawwaki suna gurɓata ruwan rijiyoyi. A bajekolin duniya na birnin Biyana, a 1873, wani malamin likitanci daga Paduwa, Lodovico Brunetti, ya nuna samfurin tanderun ƙona gawa tare da tokar da ya samu. A 1874 Henry Thompson, likitan fiɗa na sarauniya Biktoriya, ya kafa ƙungiyar masu goyon bayan ƙona gawa a Ingila. An buɗe gidan ƙona gawa na Milan a 1876, na Gota a Jamus a 1878, na Woking a Ingila kuma ya fara aiki a 1885. A Faransa dokar ranar 15 ga Nuwamba 1887 ta ba kowane baligi ikon zaɓen irin jana'izarsa, tanderun maƙabartar Père-Lachaise a Paris ya fara aiki a 1889.

Bayan hujjar tsabta akwai ta siyasa. Da yawa daga cikin masu wannan kira, musamman a Italiya da Faransa, masu adawa ne da ikon coci, suna ganin jana'izar wuta hanya ce ta fitar da mutuwa daga hannun limaman Katolika. Fadar Paparoma ta mai da martani da haramci a 1886, ba ta janye shi ba sai a 1963. Ko bayan haka Faransawa ba su yi saurin karɓa ba: a 1980 kusan 1 cikin 100 na matattu ne ake ƙonawa. A farkon shekarun 2020 adadin ya haura 40 cikin 100.

Da abin ya yawaita sai tsohuwar matsalar ta dawo da sabon salo. Ana miƙa wa iyali tukunya bayan ƴan sa'o'i, doka kuwa ba ta faɗi matsayin abin da ke cikinta ba. Wasu suka aje ta a ɗaka, wasu suka raba tokar tsakanin magada, wasu suka sa kaɗan daga ciki a abin wuya ko zobe. Kamfanonin jana'iza suka shiga ƙera tukwane masu siffar sana'ar mamaci ko abin da yake sha'awa, abin da magina na Kiyusi suka riga su yi da ƙarnoni masu yawa. Amma tukunyar da ke hannun mutum guda ta zama abin rikici. Matar mamaci tana iya hana iyayensa ganinta, mai riƙe da ita yana iya ƙaura da ita, in ya mutu kuma ta faɗa cikin tarkacen gado.

Dokar ranar 19 ga Disamba 2008, wadda ɗan majalisar dattawa Jean-Pierre Sueur ya jagoranta, ita ta rufe wannan ƙofa. Ta tabbatar cewa mutuncin jikin ɗan Adam ba ya ƙarewa da mutuwa, kuma toka tana cikin abin da wannan mutunci ya shafa. Ta hana raba toka, ta kuma hana aje tukunya a cikin gida. Sai dai a binne ta, ko a sa ta a ɗakin tukwane na maƙabarta, ko a liƙe ta a jikin ginin kabari, ko a watsa tokar a filin da aka keɓe cikin maƙabarta, ko a daji ko teku, a kuma sanar da ma'aikatar magajin garin da aka haifi mamacin don a rubuta wurin da ranar. A 2016 fadar Paparoma ta fitar da umarni mai kama da wannan ga mabiyanta, har ta hana watsa tokar.

Darasin da muke ɗauka a nan shi ne: sai da Faransa ta yi shekara 121, daga 1887 zuwa 2008, kafin ta rubuta a doka cewa tunawa da mamaci yana bukatar wuri sananne wanda kowa zai iya zuwa. Sauƙin ɗaukar tukunyar toka shi ne amfaninta, shi ne kuma illarta.

4. Randa a matsayin akwatin gawa

Kafin mu isa Bura ya kamata mu ware wani amfani na biyu da aka yi da tukunya a Afirka ta Yamma da yankin tafkin Cadi, domin shi ma akan kira shi «urne». A kufan Sawo, kudu da tafkin, inda Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf suka fara tono a shekarun 1930, an sami manyan randuna da aka naɗe gawa aka sa a ciki, aka kife wata randar a kai a matsayin murfi. A Jenne-jeno, kusa da garin Jenne a Mali, inda Roderick da Susan McIntosh suka fara aiki a 1977, an sami irin wannan binnewa cikin randa. A duka wuraren biyu gawa ce sukutum ake sawa, babu wuta a cikin lamarin. Randar tana yin aikin da akwatin katako ke yi a wasu ƙasashe.

5. Maƙabartar Bura-Asinda-Sikka

Wurin yana yammacin kogin Kwara, a ɓangaren Gurma, kimanin kilomita 150 arewa maso yamma da Yamai. An gano shi a 1975 bisa katari. A 1983 Bube Gado, na cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Yamai, wato IRSH, ya fara tono bisa ƙa'ida a fili mai tsawon mita 25 da faɗin mita 20. A wannan ɗan fili aka ƙirga tukwane 630, maƙil da juna. Shekarun da aka auna sun nuna cewa an fara amfani da wurin tun wajen ƙarni na 3 miladiyya, aka ci gaba har tsawon ƙarnoni da dama. Gado ya kira shi ƙauyen matattu a cikin maƙalar da ya rubuta a 1993.

Abubuwa uku ne suka bambanta waɗannan tukwane. Na farko, a kife suke, bakinsu yana duban ƙasa. Na biyu, a kan gindinsu, wanda ya zama samansu, an gina kan mutum, ko mutum gaba ɗaya, ko mahayi bisa doki. Wasu dogaye ne kamar turmi, wasu kuma masu kumburin ciki. Na uku, ƙwarangwal ɗin mamatan suna can ƙasa da tukwanen, a kwance, da mundaye na ƙarfe ko na tagulla da duwatsun ado a jikinsu. A cikin wasu tukwanen an sami kan kibiya na ƙarfe, da haƙora, da guntayen ƙoƙon kai.

Ke nan kabarin Bura hawa biyu ne. Gangar jiki tana ƙasa inda ba a ganinta, siffar mutum tana sama inda masu rai ke iya zuwa su tsaya. Kawunan ba su zama iri guda ba. Sun sha bamban a tsagar fuska, da kitso ko aski, da kayan ado na wuya da ƙirji. Mahayin da ya fi shahara, wanda aka haɗa daga guntaye kuma yake hannun IRSH, dogon hannunsa cike yake da mundaye, dokinsa kuma da kayan ɗamara. An kai shi birnin New York a 2020 cikin nunin kayan tarihin Sahel.

Mai karatu Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan aikin tsaga. Kowa ya san yadda ake gane Bagobiri ko Ba'are daga fuskarsa kafin ya buɗe baki. A ganinmu abin da maginin Bura ya sa a fuskar yumɓu irin wannan shaida ce: gidan da mutum ya fito, da matsayinsa, da ko namiji ne ko mace. Aikin da allon rubutu ya yi a ɗakin tantabarun Libiya shi ne tsaga da mundaye suka yi a nan. Sai dai allon Rumawa yana faɗin sunan mai shi ko an kai shi wace ƙasa. Fuskar Bura ba ta faɗin kome sai an jera ta da abin da ke ƙarƙashinta. In mundayen da ke hannun mutum-mutumin sun yi daidai da waɗanda ke hannun ƙwarangwal, mun sami hujja cewa siffar ta wannan mamacin ce. In ƙashin ya nuna mace ce, mun koyi wane kitso ne na mata. In tukwane masu tsaga iri guda sun taru a kusurwa guda, mun fara ganin dangi. Duk waɗannan tambayoyi ana amsa su ne da awo da zane a lokacin tono, tukunya tana wurinta.

6. Daga ƙasa zuwa kasuwa

A 1993 aka buɗe nunin «Vallées du Niger» a Paris ƙarƙashin jagorancin Jean Devisse, daga baya ya zagaya wasu biranen Afirka ta Yamma. Nufin masu shirya shi shi ne a nuna amfanin tono bisa ƙa'ida, a kuma yi kashedi game da wawashe kufai. Amma a nan ne masu tara kayan tarihi na Turai da Amurka suka fara ganin kayan Bura ido da ido, sunan ya shiga kasuwa. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da ya ninka ƙimar kuɗin waje a hannun dillalai. A ƙauyukan da fari ya sha addaba, tonon tukwane da rani ya zama sana'a.

Mai tonon kasuwa kai yake nema ko tukunya mai ado. Ba ruwansa da ƙashi, ba ya awon zurfi, ba ya rubuta wace tukunya ce ke kusa da wace. Abin da ya isa kantunan Paris ko Brussel rabin sama ne kawai, an sa masa suna «urne Bura», an ɗora shi a kan ɗan dandamali. Ana iya auna lokacin da aka gasa yumɓun a ɗakin bincike, amma wannan awo ba zai dawo da mamacin da aka baro ba. Da hujja ta ɓace sai ƙage ya cika gurbinta: dillalai suka riƙa tallar dogayen tukwanen a matsayin alamun mazakuta da haihuwa, saboda wannan ne mai saye ke son ji.

A nan ne muke ganin illar kalmar. Wanda ya ji «urne» yana tuna abin da aka ƙera don a ɗauka, abin da ke cikakke shi kaɗai, kamar tukunyar Kiyusi da ke cikin gidan tarihi. Kalmar tana ɓoye masa cewa abin da ya saya an ɓalle shi ne daga kan kabari. Ba mu ce kalma ce ta haddasa wawashe Bura ba. Talauci da kuɗin masu saye sun isa. Amma tana sauƙaƙa wa mai saye kwanciyar rai.

An ɗauki matakai. Nijar ta kafa dokar kare kayan tarihi da al'adu ta ranar 30 ga Yuni 1997. A wannan shekara Faransa ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi ba bisa ƙa'ida ba. A shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jan jerinta na kayan Afirka da ake roƙon kada kowa ya saya. A 2006 Nijar ta shigar da wurin cikin jerin share fage na kayan gadon duniya. Waɗannan matakai suna iya rage ciniki, suna iya sa a dawo da wasu kaya. Tukunyar da aka dawo da ita kuwa ba ta san kabarinta ba.

7. Shawarar fassara da kammalawa

Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da «urne», saboda ƙona gawa ba ya cikin al'adar Hausawa, Musulunci kuma ya wajabta wanka da likkafani da salla da binnewa. Littafin Risala, da almajiranmu ke karantawa, ya karhanta gini a kan kabari. Tukunya tana shiga kabarin Bahaushe ta wata hanya: a wurare da dama da fasassun tukwane ko itace ake rufe ƙaramin ramin kafin a tura ƙasa. Tunawa da mutum kuwa a bakin masu rai take, a addu'a da sadaka, da mayar da sunansa ga jariri, da kirarin gidansu. Rashin kalmar dama ce a gare mu, domin ba mu gaji ruɗanin da ke cikin ta Faransanci ba.

Saboda haka muna ba da shawarar a raba abu uku a rubuce-rubucen sashenmu. A ce «tukunyar toka» ga abin da ake zuba tokar gawa, na Rumawa ko na Faransa ta yau. A ce «randar gawa» ga irin na Sawo da Jenne-jeno. A ce «tukunyar shaida» ga irin na Bura, tun da aikinta shi ne ta tsaya a kan mamaci ta shaida shi. A ɓangaren Faransanci na takardunmu, in an riƙe «urne» saboda sabo, a riƙa biyo ta da bayanin cewa ba ta toka ba ce.

Etruskawa da Rumawa da mutanen Bura da Faransawan yau duk sun nemi abu guda, wato kada mamacinsu ya narke cikin taron matattu. Tarihin Faransa ya nuna cewa ko tukunyar da aka ƙera don a ɗauka sai da doka ta nema mata mazauni. Tukunyar Bura da mazauninta aka gina ta tun farko. Aikin da ke gaban ɗalibanmu na ilimin kufai shi ne rubuta wuraren da suka saura a yankin Tera, da zana taswirarsu, da zama da hakimai da masu gonakin da kufan ke ciki, domin su ne ke kwana kusa da waɗannan kaburbura.